Tagar Bene da Kwalekwalen Fannami

Duk baƙon da ya shigo unguwarmu ta kudancin Haɗeja sai ya tsaya ya ɗaga kai, ya tambaya wai me ya kai kwalekwale jikin bene. Yara su ce ado ne, manya su ce ai mai gidan da kifi ya yi arziki. Duk gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Ni Barira, da gidana yake ƙarƙashin kwalekwalen nan, ni na san sauran. Tunda wanda ya gina shi ba mai yawan magana ba ne, bari in yi masa.

Sunansa Fannami, magini. Kakansa daga wajen Barno ya biyo fataken kanwa, ya ga ruwa da shinkafa ya ƙi komawa. Shi Fannami a nan aka haife shi. Da ginin rumbu ya fara, da tayar da katangun da ambaliya take kayarwa duk shekarar da kogi ya yi fushi. Daga baya ya tafi Kano ya yi 'yan shekaru a ƙarƙashin wani mai zanen gidaje, ya dawo hannunsa ya iya dagi da takobi da duk wani ado da ake fitarwa a jikin ɗanyen yaɓe. Duk wannan a bakin matarsa 'Yar'azumi na ji shi, don ni da shi ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba. Ni matar kulle ce, shi kuwa ba ɗan'uwana ba ne.

Gidan da nake ciki na gado ne, mahaifina ya bar mini. Shi ne na ƙarshe kafin ganuwa, bayan ganuwar sai fadama, bayan fadama sai kogi. Ɗakunan ba abin faɗa ba ne, amma tsakar gidan, kai, ko'ina ba na jin kunyar a kwatanta ta. Faɗi gare ta, daɓe ne sumul da uwata ta yi da hannunta, rana tana kwana a kanta tun hantsi har la'asar. A nan nake sana'ata ta gumi: in jiƙa shinkafa, in turara ta, in baza a kan daɓe, in yi ta juyawa da ƙafa har ta bushe, sannan a surfa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunyar gumi ya san ba aikin mayafi ba ne. Zane ɗaya nake ɗaurawa a ƙirji, kai ba kallabi, gumi na tsatstsafo mini, ina faɗa da kaji. Ba wanda yake ganina sai Allah da shirwa.

Maigidana masunci ne, mutumin Miga. Sunansa ba ya fita a bakina, Malam nake ce masa. Mutumin kirki ne, amma yana da abu guda: zaman da yake yi a gidan matarsa yana masa ƙaiƙayi a rai. Ba wanda ya taɓa goranta masa, shi ne dai yake goranta wa kansa. Saboda haka duk abin da ya taɓa mutuncin gidan nan, sau biyu yake jin zafinsa.

Maƙwabcinmu na arewa Alhaji Abdulwahid ne, dillalin banda. Shi yake sayen kifin masuntan wajenmu, har da na Malam, a ƙyafe, a ɗora wa jakuna zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, daga can sai Kano. A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, Allah ya buɗa masa, ya ce shi ma zai yi soro bisa soro irin waɗanda yake gani a Fage ta Kano. A unguwarmu ba a taɓa yi ba. Da kaka ta yi, ƙasa ta tsane, aka fara kwaɓa, aka jera tubali a rana, amalanke yana kawo azara. Fannami aka ba aikin.

Ka'ida ce, in namiji zai hau sama, ko rufi ko itace, sai ya sanar da matan maƙwabta su kimtsa. Amma yawancin magina wasa suke yi da ita. Sai mutum ya kai rabin tsani sannan ka ji ya ce a kauce, ke kuwa ki ruga ɗaki kina tuntuɓe da turmi. Fannami ba haka yake ba. Tsakanin katangarmu da ginin akwai ɗan lungu, a nan yake tsayawa ya yi sallama, sannan ya ce, "Masu gida, magini zai hau." Sai ya jira. Ba zai taka tsani ba sai ya ji amsa. Ni kuwa ba zan ɗaga murya in amsa wa namiji ba, sai in ɗauki taɓarya in ƙwanƙwasa bakin turmi. Wannan ya zama maganarmu. Da ginin ya wuce tsayin katangarmu, sai ya sa aka kafa zana a gefenmu don kada idon leburorinsa ya zame, shi kuma in aiki ya kai shi wajen zanar, baya yake juya mana. Na kan leƙa ta labulen ɗaki in ga bayansa: siriri, ɗan ranƙwafaffe, da tsohuwar taguwa mai faci a kafaɗar hagu.

Har nan ba mu da kuka. Ginin yana tashi, ni ma ina kallonsa ina jin daɗi, don abin alfahari ne a ce a unguwarku yake. Sai wata safiya aka janye zana don a ɗora azarar rufi, na fito da ƙwaryar shinkafa, na ɗaga kai, na ga rami a bangon sama. Taga ce aka bari. Tana kallon tsakar gidana sak, ba kwana ba lanƙwasa. Na tsaya ƙwarya a hannu, na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa.

Malam ya dawo daga kogi da azahar, shi ma ya gani. Ya ci abinci ya wanke hannu.

"Ki fara haɗa kaya," ya ce. "Kafin ruwa ya sauka za mu koma Miga."

Na ce, "Malam, gidan ubana?"

"A sayar. Ni ba zan zauna matata tana shanya a ƙarƙashin idon wasu ba."

Na ce ya je ya sami Alhaji mana. Ashe ya riga ya je, tun a bakin kogi suka yi maganar. Alhaji bai yi masa wulaƙanci ba, wallahi ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Cewa ya yi saboda tagar nan ya yi benen kacokan, yana son ya zauna ya sha iskar kogi, ya hangi jiragen masunta suna fitowa. Ya yi alkawarin zai sa mata murfin katako. Malam ya ce duk murfi hannu ne yake buɗe shi, kuma gidan Alhaji baƙi ba sa yankewa, fatake ne da 'yan kamasho. Na ce to a kai wa mai unguwa. Ya ce shi ba ya ƙarar maƙwabci, balle wanda yake sayen kifinsa. Na ce to mu ƙara tsayin katanga. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya ce a ƙasar fadama, katanga mai tsayin bene, damina ɗaya za ta faɗo a kanmu. Duk ƙofar da na taɓa ya riga ya rufe ta.

Ban ƙi Miga don komai ba, mutanen kirki ne. Amma a can ɗaki ɗaya zan samu a gidan yayansa, ba daɓe, ba wurin shanya, ba masu sayen gumina. Kuma a tsakar gidan nan aka yi mini wankan jego, a nan aka yi wa uwata wankan ƙarshe. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙona tuwo da gangan. Malam ko gezau.

Ranar da 'Yar'azumi ta fara shigowa gidana, ban karɓe ta da fuska ba. Mace ce gajera mai ƙiba, hannayenta sun rine ja saboda makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake haɗa yaɓe da shi don kada ruwan sama ya ci bango. Ita take jiƙa wa mijinta. Ta yi sallama, ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta ɗebi gumina ta tauna, ta ce, "Ke ce mai taɓarya?"

Na ce, "Ni ce. Ke ce matar mai taga?"

Ta kwashe da dariya har da tafa cinya. Ta ce ai aiko ta aka yi. Wai ɗabi'ar mijinta ce, kafin ya sa hannu a adon bango sai ya zaga ya kalle shi ta duk inda idon mutum zai same shi, ta kasuwa, ta bakin ganuwa, ta kan hanyar kogi. Saura wuri ɗaya, tsakar gidana, shi kuwa ba zai shiga ba. Shi ne ya ce ta zo ta zama idonsa. Ta tashi ta zaga, ta tsaya a bakin murhu ta ɗaga kai, ta tsaya a gindin randa, ta je har ƙofar makewayi. A nan dariyarta ta ɗauke. Ta ce, "Har nan?" Na ce har nan. Ta ga ƙullin kayana a bakin ɗaki, ta tambaya, na gaya mata komai, hawaye na zuba ina jin haushin kaina. Ta ce, "Ƙanwata, kada ki ƙara ɗaure ko tsinke sai kin ji daga gare ni."

Yadda ta ba ni labari daga baya, Fannami ya saurare ta yana tauna goro. Washegari ya sami Alhaji. Ya ce masa shi ya bar ramin nan da hannunsa, hankalinsa yana kan kogi bai dubi ƙasa ba, kuma ba zai gama tagar da take kallon matan wani ba. Amma bai ce a toshe ta ba. Cewa ya yi a bar shi ya gina kwalekwale a ƙarƙashinta, ta waje, mai turo ciki, bakinsa ya taso ya tare ƙasa ya bar sama. Alhaji ya ɓata rai. Shi dagi yake so, da agogo, da keke, irin na gidajen Kano. Ya ce mutane za su yi masa dariya, su ce mai kifi ya rataye jirginsa a bango. Fannami ya ce dagi zai samu a fuskar zaure har ya gaji da gani, wannan kuwa in an gama bai yi masa ba, shi da kansa zai rushe. Alhaji yana iya korarsa ya kawo wani, magina ba su ƙare ba a Haɗeja. Amma ya ce a gwada.

Aka huda bango aka cusa guntayen azara a ƙarƙashin tagar, suka turo waje kamar haƙarƙari. Ya ɗora ƙasa a kansu kaɗan-kaɗan, in ta sha iska ya ƙara, don ɗanyar ƙasa mai nauyi ba ta zama a sama. Kwanaki ya yi yana wannan. Malam yana gani yana cewa ado ba ya hana ido, har ya yi magana da mai jakunan da zai kwashe kayanmu. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma, ya watse.

Sai ranar awo. Da hantsi 'Yar'azumi ta leƙo ta ce in yafa mayafi, in ɗora faifai a ka, in fito tsakar gida. Ita za ta hau benen ta matakalar ciki ta zauna a bakin taga, an kori maza duka daga sama. Shi kuma zai hau tsani ta lungu. Na ji sallamarsa, "Masu gida, magini zai hau." Na ƙwanƙwasa turmi, amma yau ban gudu ɗaki ba. Ya hau, fuskarsa a bango, ƙwaryar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a rataye. Ina tsaye a bayansa a fili, juyawa ɗaya ta ishe shi ya gan ni. Bai juya ba.

"Barira, tafi bakin murhu," in ji 'Yar'azumi daga sama. Na tafi. Ta ce, "Nan ba na ganinta."

"Gindin randa." Na tafi. "Ina ganin faifanta."

Ya ɗebi ƙasa ya ɗora a bakin kwalekwalen, ya shafe da tafin hannu.

"Wajen shanya, can ƙarshe." Na tafi. "Ina ganinta har kafaɗa."

Ya ƙara. Haka muka yi ta yi, ni ina yawo a gidana kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai, ita tana kira, shi yana ɗorawa. Ta tsaya, ta durƙusa, ta yi ɗage, ta cusa kai cikin tagar iyakar inda kaurin bangon ya bar ta. Matan maƙwabta suna jin mu ta katanga suna ƙyalƙyala dariya. Ni ban yi dariya ba. Wuri na ƙarshe shi ne kusurwar kudu, jikin katangar da ke kallon ganuwa, inda ya fi nisa da benen. Na tsaya a can. Ta ce tana ganin gefen faifai. Ya ƙara. Ta ce saura ƙiris. Ya ƙara.

Sai na ji ta ce, "Ta ɓace."

Ya yi magana, karo na farko da na ji ya faɗi wani abu ban da sallamarsa. Ya ce, "Ki duba da kyau."

"Na ce ta ɓace. Fadama nake gani, da kogi, da wani masunci yana jefa birgi."

Na sauke faifai na zauna a ƙasa daɓas. Tunda nake ban taɓa jin daɗin wata magana ba kamar yadda na ji daɗin a ce na ɓace.

Saura Malam. Da ginin ya sha iska, Alhaji da kansa ya zo zaurenmu ya ce, "Malam, zo ka hau ka gani da idonka." Ya yi ta noƙewa, daga baya ya bi shi. Ina tsakar gida ina jira, ko mayafi ban yafa ba, da gangan. Ya daɗe a can. Da ya dawo ya shigo yana kakkaɓe riga, ya ƙi haɗa ido da ni, ya tsaya yana duban ƙullin kayana.

"Daga can har mashigin da nake ɗaure jirgina ana gani," ya ce.

Na ce, "Gidan fa?"

"Wane gida?" Ya ɗauki buta. Sai da ya kai ƙofar makewayi sannan ya ce, "Ki jiƙa shinkafarki, na ga masu saye suna ta sintiri."

Kafin ruwan fari Fannami ya gama adon. Ya fitar da dagi a fuskar zaure, ya tayar da zankaye a kan rufi, ya ɗaga rawanin soron ta gefenmu. Kwalekwalen ya yi masa goshi da wutsiya, ya shafe shi da makuba har yana ƙyalli, ya zana igiyar ruwa a ƙarƙashinsa da 'yan kifaye, ya huda gefe ya sa ƙaramin indararo yana zubarwa a lungu, ba a kan daɓena ba. Mutane suka yi ta zuwa kallo daga wasu unguwanni. Wasu sun yi dariyar, ba a rasa ba. Amma masunta suka ce tun daga tsakiyar kogi suke hango shi, da shi suke gane mashigi in ruwa ya cika ya shafe alamu. Alhaji ya wayi gari yana cewa ai tun farko abin da yake so ke nan. Muka bar shi da maganarsa.

Na aika wa Fannami gumi cikin ƙwarya ta hannun 'Yar'azumi, na ce ta yi mini godiya. Ta dawo ta ce wai ya ce shinkafar ta yi daɗi. Iyakar amsarsa ke nan. Na ji haushi, ni da na shirya magana mai tsawo.

Abin da ke sama ruwa yana cinsa, saboda haka duk bayan damina sai ya zo gyara. Ko an kira shi ko ba a kira ba, da an fara yankan shinkafa zan ji muryarsa a lungu, in ƙwanƙwasa turmi, ya hau ya cike inda bakin kwalekwalen ya zaizaye, ya sauka. Ina leƙensa ta labule shekara bayan shekara. Ƙeyarsa ta yi furfura, bayan ya ƙara ranƙwafawa, hawan tsanin ya koma a hankali. A tsakar gidan nan na aurar da 'yata, a nan jikokina suka yi rarrafe.

Bara, ana ta maganar Turawa za su tafi, da kaka na ji sallama a lungu. "Masu gida, magini zai hau." Kalmomin su ne, muryar ba ita ba ce. Na riƙe taɓarya na kasa bugawa. Mutumin ya jira, ya sake sallama, ya sake jira, bai taka tsani ba. Sai daga baya 'Yar'azumi ta gaya mini ƙanensa ne, Zarami, kuma tun Fannami yana kwance, kafin ya rasu, ya yi ta nanata masa: kwalekwalen gidan Alhaji, kada a bari bakinsa ya ragu, kuma kada ka hau sai ka ji turmi.

Na ƙwanƙwasa, na shiga ɗaki na yi kukana.

Jikata ta tambaye ni kwanan baya, wai yaya kamanninsa suke, fari ne ko baƙi, yana da gemu? Shekara goma sha wani abu mutumin nan yana hawa saman gidana, ban san fuskarsa ba, shi ma bai san tawa ba. Na ce mata siriri ne, yana da faci a kafaɗar hagu. Allah ya jiƙan Fannami, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.